Yadda Ake Gane Shekaru da Asalin Jitar Bes ta Hannu

Jitar bes ɗin da ke zuwa mana ta hannu, ko ta Kwatano ta biyo, ko daga kasuwar Alaba a Legas aka ɗauko ta, ko wani coci ko sutudiyo ne ya sake ta, labarin mai sayarwa kusan ɗaya ne: tsohuwa ce, 'yar Amurka ce, yanzu ba a yin irinta. Wani lokaci gaskiya yake faɗa. Sau da yawa kuma shi ma abin da aka gaya masa ne yake maimaitawa. Aikin mai saye shi ne ya bar kayan su yi magana da kansu, domin gani ya kori ji.

Zan fi tsayawa a kan jitocin kamfanin Fender da ƙanwarta Squier, saboda su aka fi samu, su kuma aka fi yi wa jabu. Akwai wani dalili da ya fi wannan. Leo Fender ya tsara Precision Bass a 1951, da Jazz Bass a 1960, ta yadda noti ne kawai ke riƙe wuya da gangar jiki. Duk mai sukundireba zai iya cire wuyan wannan ya ɗora wa waccan kafin shayi ya huce. Saboda haka lambar da ke kan jita shaida ce guda ɗaya tak, kuma alƙalin kirki ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. Sai wuya, da jiki, da wayoyin ciki, da ƙarafuna sun faɗi magana ɗaya kafin ka yarda.

Ka tafi da tocila, da ƙaramin sukundireba mai bakin gicciye, da tef na awo, da tsumma mai laushi da za ka shimfiɗa, da wayarka don ɗaukar hoto.

Mataki na farko: dubi siffarta kafin ka karanta komai

Mutane da yawa kan ruga wajen lamba, daga nan idonsu ya rufe ga sauran. Ka fara riƙe jitar ka ƙare mata kallo.

Precision tana da abin ɗaukar sauti, wanda makaɗa ke ce wa fikof, guda ɗaya rabe biyu a tsakiyar jiki. Wannan tsari ya fara ne a 1957. Kafin nan fikof siriri ne guda. Jazz tana da fikof biyu dogaye, ƙugunta a karkace, wuyanta siriri. Ka auna faɗin wuya a can sama inda tsirkiya ke fara hawa: Jazz inci ɗaya da rabi ne, wato kusan milimita 38, tsohuwar Precision kan kai milimita 44, ta shekarun 1970 kuma kan yi kusan 41. Tsawon tsirkiya daga nan zuwa gada, wato ƙarfen da ke riƙe ta a ƙasan jiki, inci 34 ne a dukkansu, kuma tsofaffin suna da ƙarafunan gicciye 20 a wuya. Idan ka ƙirga 24 a jitar da aka ce ta shekarun 1960 ce, magana ta ƙare, ka mayar da sukundirebanka aljihu.

Jazz Bass ta fi sauƙin karantawa, don ta sha canje-canje da aka san lokacinsu. Ta farko, daga 1960 zuwa wajen 1962, maɓallan murɗawa biyu gare ta, kowanne hawa biyu. Bayan nan suka koma uku. A wajen 1966 alamomin da ke fuskar wuya suka tashi daga ɗigo-ɗigo suka koma manyan murabba'ai, aka kuma yi wa gefen wuyan farin baki. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 noti uku ne ke riƙe wuyan maimakon huɗu, kuma kan rodin ƙarfen da ke cikin wuya don miƙar da shi ya leƙo ta sama, mai siffar harsashi. A tsofaffin da suka gabaci wannan, ta gindin wuya ake murɗa rodin, ba za ka ga komai a kai ba. Har ɗan sandan nan da ake ɗora yatsa a kai yana ba da labari: da can a ƙarƙashin tsirkiya yake, sai wajen 1974 ya koma samanta.

Tambarin da ke kai ma yana da zamani. Na shekarun 1950 rubutu ne siriri. Jazz ta fito da mai kauri ruwan zinariya, Precision ta bi sahu a tsakiyar shekarun 1960. Bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a Janairun 1965 da 'yan shekaru, wajen 1968, sai baƙin tambari mai manyan haruffa ya maye gurbi. Sai dai tambari shi ne shaidar da ta fi kowace rauni. Ana sayar da shi a intanet, kuma duk mai fenti zai iya manna shi.

Kada tsufan fenti ya ruɗe ka. Zafinmu, da ƙura, da gumi, da bushewar hunturu da ke sa itace ya tsuke har bakin ƙarafunan wuya su riƙa kartar hannu, suna iya mayar da jitar shekara goma ta yi kama da ta arba'in. Ban da haka, Fender da kanta tana sayar da sababbin kaya da aka goge su da gangan su yi kamar sun sha wuya: tun 1995 take yin haka a sashenta na Custom Shop, a 2009 kuma ta fito da jerin Road Worn daga Meziko.

Mataki na biyu: lambar, da inda aka sa ta

Wurin da lambar take yana da muhimmanci kamar lambar kanta. A Precision na farko-farko a jikin gadar tsirkiya aka buga ta. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1976 tana kan farantin ƙarfen da ke bayan jita, inda notinan wuya ke shiga. Idan ta fara da L, tsakanin 1963 da 1965 ke nan. Idan akwai babban harafin F a farantin da lamba mai shida, daga ƙarshen 1965 ne zuwa 1976. Ka tuna cewa faranti ne kawai, notinan wuya ke riƙe da shi, kuma ko a masana'antar da ke Fullerton a jihar Kalifoniya ba bi da bi ake ɗaukarsu ba. Lambar faranti na iya kauce wa shekarar gaskiya da shekara ɗaya ko biyu ba tare da wani ya yi ha'inci ba.

Daga 1976 lambar ta koma can ƙarshen wuya inda tambari yake, da farko ta gaba, daga baya ta baya. Tsarin 'yan Amurka shi ne harafi ya nuna zangon shekara goma, lambar da ke bi masa ta nuna shekara. S na shekarun 1970 ne, E na 1980, N na 1990, Z na 2000. Ke nan S8 na nufin 1978, N6 kuma 1996. Daga 2010 aka koma US da lamba biyu, kamar US14. Harafin V kuwa na sababbin kayan da aka ƙera a siffar tsofaffi ne, tun daga 1982, kuma kafin 2012 ba ya faɗin shekara.

A nan ne tarkuna suke, kuma ya kamata a san su. An buga tambarin lamba da yawa, aka ci gaba da mannawa har sai sun ƙare. Shi ya sa S9 kan bayyana a kayan 1980 da 1981, E4 kuma ta ja har wajen 1987. An kuma manna N9 bisa kuskure a wasu kayan 1990, alhali na 1999 ne. Mafi girman tarko shi ne harafin E: kayan Japan na 1984 zuwa 1987 ma da E suke farawa. Dillali zai nuna maka E ya ce Amurka, amma ƙaramin rubutun da ke kai ko a gindin wuya yana cewa Japan. Idan ka ga an kankare wani wuri kusa da tambari, ko fentin wurin ya fi na kewaye sheƙi, sunan ƙasa aka goge.

Na Meziko, waɗanda ake ƙerawa a Ensenada, da M suke farawa: MN na shekarun 1990, MZ na 2000, MX daga 2010. MN5 dai 1995 ke nan, ko farkon 1996.

Fender Japan an kafa ta a 1982, kuma masana'antar Fujigen ce ta fara yi mata aiki. JV na 1982 zuwa 1984 ne, SQ na 1983 zuwa 1984. A kayan Japan dole ka haɗa harafi da rubutun ƙasa, domin an maimaita haruffa. Har wajen 1997 ana rubuta "Made in Japan", daga nan zuwa wajen 2007 aka koma "Crafted in Japan", sannan aka dawo wa na farko. Harafi ɗaya a ƙarƙashin rubutun biyu na iya nufin tazarar shekara goma ko fiye.

Squier ta fara a Japan a 1982, ta koma Koriya a ƙarshen shekarun 1980, daga baya Sin da Indunusiya. CN da VN na Koriya ne a shekarun 1990. KC Koriya ce, masana'antar Cort. IC Indunusiya, ita ma Cort. CY kuma Sin. A yawancin waɗannan lamba biyun da ke bin haruffa su ne shekara, don haka IC08 na 2008 ne.

Fender tana da wurin duba lamba a shafinta na intanet, kuma ya fi amfani ga kayan da aka yi daga shekarun 1990 zuwa yau. Ka duba, amma ka kwatanta abin da ya fito da abin da ke hannunka. Masu jabu lambar gaskiya suke kwafa. Idan shafin ya ce baƙar jitar Stratocaster ce, wadda ba bes ba, kai kuma kana riƙe da jar Jazz Bass, ka samu amsarka.

Mataki na uku: buɗe wurin wayoyi

A ganina wannan shi ne matakin da ya fi kowane amfani, kuma shi aka fi tsallakewa. A Jazz ƙaramin farantin ƙarfe ne mai noti uku a ƙarƙashin maɓallan murɗawa. A Precision sai ka ɗaga robar gaba. Ka nemi izini, ka kwance a hankali, kada ka ja waya.

A bayan kowane maɓalli akwai ɗan gwangwanin ƙarfe zagayayye, irin wanda masu gyaran rediyo ke ce wa boliyom. Kamfanonin Amurka da ke ƙera shi suna buga lamba a gindinsa ko a gefensa. Ka haska tocila a karkace, ka ɗauki hoto ka faɗaɗa, don dalma kan rufe wani sashe. Lamba ukun farko sunan kamfani ne: 137 CTS, 304 Stackpole, 134 Centralab. Biyun da ke biye shekara ce, biyun ƙarshe mako. Idan ka karanta 1377841, CTS ce ta yi shi a mako na 41 na 1978. A na shekarun 1950 lambar shida ce, shekarar kuma lamba ɗaya.

Abin da wannan ke gaya maka shi ne ranar da jitar ba za ta riga ta ba, in dai boliyom ɗin na asali ne. Ba ranar haɗa ta ba ce, don ƙarfen kan yi watanni a ɗakin ajiya. Fender ta sayi mai yawa a 1966, ta yi ta amfani da shi har farkon shekarun 1970, saboda haka ganin 66 a ciki ba ya nufin jitar ta 1966 ce.

Sannan ka dubi dalmar. Wadda ta shekara hamsin ba a taɓa ba ta dusashe, ta yi ruwan toka, ɗigonta ƙarami ne a tsaftace. Sabuwa tana ƙyalli, sau da yawa an tula ta, ka ga baƙin ƙuna a robar waya. Wayoyin Fender har zuwa ƙarshen shekarun 1960 zare ne ya lulluɓe su, daga baya roba. Girman boliyom ma shaida ne: na Amurka da Meziko babba ne, faɗinsa kusan milimita 24, ƙarami mai milimita 16 na kayan araha ne na Asiya. Ganin ƙananan a jitar da aka ce 'yar Amurka ce na nufin ɗayan biyu, ko jabu ce ko an taɓa canza su. Canzawar ba abin mamaki ba ce a nan, inda ƙura ke cinye boliyom, mai gyara kuma abin da ya samu yake sawa. Sai dai idan an canza, wannan shaidar ta faɗi, sai ka nemi wata.

Tunda ka buɗe, ka haska bangon ramin. Idan ka ga itacen hawa-hawa ne, siraran falle an manne su, jikin filawud ne. Fender ta Amurka ba ta yi wa Precision ko Jazz jikin filawud ba. Wasu Squier na Koriya da tarin kayan kwaikwayo sun yi.

Mataki na huɗu: cire wuya

Wannan sai da yardar mai kaya, kuma sai idan kuɗin da ake magana ya kai a sha wahalar. Ka sassauta tsirkiya duka. Ka kifa jitar a kan tsumma, ka riƙe wuya da jiki tare, ka sassauta notinan kaɗan-kaɗan kafin ka zare su gaba ɗaya. Ka ɗaga wuyan tsaye, kada ka karkata shi, don fentin bakin ramin yana saurin ɓarewa. Idan ka tarar da ɗan kwali ko takarda a ciki, ka mayar da shi yadda yake. Daidaita tsayin tsirkiya yake yi.

A gindin wuya ake rubuta kwanan wata. Har zuwa 1962 da fensir ne, kamar 4-59, wato Afrilun 1959. Daga 1962 hatimi ne, irin wannan: 7 MAR 66 A. Lambar farko ba rana ba ce, nau'in jita ce: 7 Jazz, 5 Precision. Harafin ƙarshe faɗin wuya ne: A inci ɗaya da rabi, C inci ɗaya da kwata uku. Hatimin da ya ce 5 a wuyan da ke jikin Jazz ya gaya maka an yi musaya. Daga wajen 1969 zuwa 1980 aka koma dogayen lambobi masu wuyar fassara, wasu wuyan ma babu komai, don haka a wannan zangon boliyom ya fi taimako. Kayan baya-bayan nan suna da kwanan wata a fili, a wuya da kuma cikin ramin jiki.

Ramin da kansa ka dube shi da kyau. Wani launi daban a ƙarƙashin fentin yana nuna an sake fenti. Ramukan noti fiye da huɗu, ko waɗanda aka toshe aka sake huda, suna nuna wuyan baƙo ne. Haka idan akwai giɓi mai faɗi a gefe, kodayake kayan ƙarshen shekarun 1970 an san su da wannan sakacin tun daga masana'anta, kamar yadda aka san su da nauyi, har wasu kan kai kilo biyar.

Wajen mayarwa ka ɗaure notinan su kama, kada ka matse har itace ya ci.

Idan ba Fender ba ce

Gibson daga 1977 zuwa 2005 lamba takwas take bugawa a bayan kai: ta farko da ta biyar su ne shekara, ukun tsakaninsu ranar shekara. 82765501 na nufin rana ta 276 a 1985. Rubutun "Made in USA" a bayan kai ya zama ƙa'ida daga 1970. Rickenbacker a farantin da ake soka waya take sa lamba. Daga 1961 zuwa 1986 haruffa biyu ne, na farko shekara, A ita ce 1961, na biyu wata, A ita ce Janairu. Ibanez daga 1975 zuwa wajen 1987 harafin wata take sawa, sai lamba biyu na shekara, don haka C79 Maris ɗin 1979 ne; bayan nan harafin F na nufin Fujigen. Yamaha tana maimaita tsarin lambarta duk shekara goma, sai ka fara gano lokacin da aka yi wannan samfurin kafin lambar ta yi maka amfani. Music Man StingRay ta fito a 1976, iyalan Ernie Ball suka sayi kamfanin a 1984, saboda haka sunan Ernie Ball a kai yana nufin bayan wannan shekarar ne. Duk kayan da aka rubuta wa "W. Germany" kuwa sun riga haɗewar Jamus a 1990. Rickenbacker 4001 da Thunderbird ta Gibson wuyansu ya ratsa jiki ne, babu abin cirewa.

Kada ka raina sunayen Japan irin su Greco, Tokai, Fernandes da Aria Pro II. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 sun yi kwaikwayon Fender da ya kai asalin kyau, wani lokaci ya fi. Abin da ke ba ni takaici shi ne a samu irin wannan jita mai daraja a kankare mata suna a manna Fender. An ɓata ta a banza: ba ta zama Fender ba, ta kuma rasa sunan da zai sa masani ya biya kuɗinta. Alanki, ɗan mabuɗin noti mai kusurwa shida, kan tona asirin irin wannan, domin notinan kayan Amurka awon inci ne, na Asiya kuwa milimita.

Haɗa abin da ka samu

Ka rubuta a takarda abin da kowane sashe ya faɗa. A ce Jazz ce mai lamba S8 a kai, baƙin tambari, noti uku a baya, kan rodi mai siffar harsashi, alamomin murabba'i, boliyom 1377841 da dusasshiyar dalma, jiki mai nauyi. Duk sun daidaita. Ƙarshen 1978 ce ko farkon 1979, 'yar Fullerton.

A ce kuma lambar S8 ce, amma noti huɗu ne a baya, ƙananan boliyom, jikin filawud. Ko dai wuyan gaskiya ne aka ɗora wa jikin araha, ko tambarin ma na manne ne. Idan wuyan ya ci jarrabawar awo da hatimi, kuɗin wuya za ka biya, da ɗan abin da jikin ya cancanta. Idan bai ci ba, ka yi ciniki a kan jita marar suna, ka soka ta a amfilifaya ka ji sautinta, ka duba miƙewar wuya da ko rodin yana juyawa, ka taya daidai da haka.

Tsakanin waɗannan biyun yawancin kaya suke: wuya da jiki na asali, amma an canza fikof, ko gada, ko kunnuwan ɗaure tsirkiya, ko an sake fenti. Ga mai kiɗa wannan ba aibu ba ne, sau da yawa ma gyara ne. Ga farashi kuwa aibu ne, sake fenti musamman, don yana iya zaftare kusan rabin darajar tsohuwar jita a wurin masu tara irinsu. Ƙarin ramukan noti a bayan kai ko a gefen gada za su nuna maka abin da aka canza.

Idan daga nesa kake saye, ka nemi hoton gaba da bayan kai, da farantin baya, da cikin wurin wayoyi inda lambar boliyom ke karantuwa, da gindin wuya in zai yiwu. Ka ce a ajiye takarda mai kwanan watan ranar a gefen jitar, don ka tabbata ba daga intanet aka kwaso hotunan ba. Wanda ya ƙi buɗe ko da wurin wayoyi, alhali kuɗin 'yar Amurka yake nema, ka taya masa kuɗin Squier.